Masu Wanki Biyu

Shekara talatin ina wankin kuza a Dilimi,
ƙafa cikin ruwa tun kafin rana ta leƙo Shere.
Na san abin da ke tashi, na san abin da ke zama:
yashi ya bi ruwa, baƙin ya kwanta a gindin kwano.
Ban san ina goye da masu wanki biyu ba,
nan a bayan ƙuguna,
ba albashi, ba hutun Juma'a.

Sai da ƙirji ya tsayar da ni a hawan Gangare,
kamar an ɗora mini jiƙaƙƙen buhu,
Lantana ta ce, "Baba, yau ba jiƙo. Asibiti."

Dakta Nanret ta zana zuciya a bayan kati.
Ta ce maiƙo ya cushe hanya,
za su zura siririyar roba ta jijiyar hannuna,
su zuba ruwan rini
don hanyoyin jini su fito a allo.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni:
"Kowa Baba yake ce mini,
ashe dai a marina zan ƙare."
Murmushinta gajere ne. Takardar gwaji take kallo.

"Rinin ba ya zama a zuciya," in ji ta.
"Ƙoda ce ke kwashe shi,
naka kuwa sun sha ɗawainiya da suga da shekaru.
Wani yakan shigo da ciwon ƙirji
ya koma gida da na ƙoda."
Na ce a raina, ana kukan targaɗe.

Sai ta tambayi ƙwayar rage maiƙo ta bara.
Na kalli silin.
Lantana ce ta tona ni:
"Tana gwangwanin goro, ko kati ɗaya bai ƙare ba.
Wai shi bai ji tana yin komai."
To, me zan ji? Ba ɗaci, ba gumi, ba gyatsa.
Ni da na saba da maganin da ke murɗa ciki
kafin in yarda ya yi aiki.

Ta rubuta mai ƙarfi, ta ce in haɗiya daren nan.
"Akwai alamar tana rage wa ƙoda wahalar rini.
Ba laya ba ce, ban yi maka alkawari ba.
Ruwa ne babba. Shi za mu fara ɗaura maka."

Da safe na ga cikina a allo.
Zafi ya ratsa ƙirji kamar kurɓin shayi,
sai ga rafuka sun yi baƙi, reshe bayan reshe,
Dilimi sak a tsakiyar damina,
har da wurin da ya tsuke
kamar inda muke datse ruwa da buhuna.

Kwana biyu ba wanda ya tambayi zuciyata.
Sista Kangyang da robar awo,
tana duba fitsarina a hasken taga
kamar yadda akawu ke duba kuza kafin sikeli.
Dattijo da jikoki tara
ana yi masa barka don ya cika roba.

A gadon da ke kusa da ni akwai Gyang, direban tifa.
Sau biyu a mako inji ke masa wankin.
Ya ce, "Sha ruwa, Malam Jatau, sha nawa ma,
ni ƙirga mini ake yi da murfi."
Na sha. Da ƙyar ya wuce maƙogwaro.

Ran Alhamis jini ya dawo, lamba ba ta motsa ba.

A hanyar gida mun bi ta tsoffin ramukan kuza,
ruwa kore, tsit, ba mashiga ba mafita.
Mu muka haƙa su, muka tafi.
Lantana tana lissafin kuɗin magani da ƙarfi,
ni hannuna na bayan ƙugu.

Yanzu gwangwanin na gefen buta.
Bayan isha'i in ɓare ɗaya.
Har yau ba na jin tana yin komai.